Wa ya buga kiɗan? A rubuta sunansa, a ba shi kasonsa

Akwai wani bature ɗan ƙasar Suwidin da nake ganin kusan duk mai waya a garin Legas ya taɓa jin aikin hannunsa, ko a rediyon danfo ko a shagon aski ko a bidiyon da yara ke turawa juna, amma da zai shigo kasuwar Mile 12 yau da rana ba wanda zai gane shi. Sunansa Max Martin. Asalin sunan da iyayensa suka raɗa masa Karl Martin Sandberg, an haife shi a Stockholm a 1971, kuma sana'arsa rubuta waƙa da haɗa kiɗa, wato shi ne mutumin da ke zaune a situdiyo bayan gilashi, wani kuma ya fita ya rera duniya ta san fuskarsa. Na kawo shi ne saboda yaranmu masu haɗa kiɗa a Agege da Idi-Araba da Kano da Kaduna, waɗanda ake biya sau ɗaya a manta da su, kuma abun yana ci mun rai ƙwarai.

Mutumin nan da farko shi ma mawaƙi ne, yana cikin wata ƙungiyar samari masu kiɗan rok da ake kira It's Alive, ba su yi wani tashe ba. A farkon shekarun 1990 wani furodusa mai suna Denniz Pop da ke da situdiyon Cheiron a Stockholm ya lura yaron nan yana da kunnen waƙa, ya jawo shi jikinsa ya koya masa aiki, har sunan Max Martin ɗin ma shi ya laƙaba masa. Denniz Pop ya mutu a 1998 da ciwon daji, a shekarar ne kuma waƙar farko ta Britney Spears ta fito, wadda Max Martin ya rubuta, ta hau lamba ɗaya a Amurka a farkon 1999. Ga kuma Backstreet Boys, sai Kelly Clarkson, sai Pink, sai Katy Perry a 2008, sai Taylor Swift, sai Ariana Grande, sai The Weeknd wanda waƙarsa Blinding Lights ta 2019 mujallar Billboard ta bayyana ta a 2021 a matsayin waƙar da ta fi kowacce ƙarfi a tarihin jadawalinta na Hot 100, wato jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka kowane mako. Ka duba fa tsawon lokacin, yaran da suka yi rawa da waƙoƙinsa na farko yanzu sun aurar da ƙannensu wasu ma 'ya'yansu sun shiga jami'a, shi kuma har 2025 yana situdiyo da Taylor Swift suna sabon kundi.

Waƙoƙin da ya sa hannu a rubutunsu suka hau lamba ɗaya a Amurka sun haura 25, a tarihi Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles ne kawai ke gabansa, shi yana da 32. A ɓangaren haɗa kiɗa kuwa tun 2024 ya wuce George Martin, furodusan Beatles, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun da waƙa 23. Ya ci Grammy na gwarzon furodusa a 2015, a 2016 aka ba shi lambar Polar, babbar lambar yabo ta kiɗa, a ƙasarsu.

To duk wannan ba shi ne abun da ya tsaya mun a rai ba. Abun da ya tsaya mun shi ne mutumin nan ba ya hawa dandali, ba ya yawon biki, ba a liƙa masa kuɗi a goshi, hira da 'yan jarida ma da ƙyar yake yi, amma duk lokacin da aka sa waƙarsa a gidan rediyo a Jamus ko otal a Dubai ko wani ya danna ta a Spotify a Surulere akwai ɗan abun da ke tafiya asusunsa. Dalili ɗaya ne, an rubuta sunansa tun ranar da aka yi waƙar. Su a tsarinsu waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai haƙƙin ita waƙar kanta, baitoci da kari, wannan na waɗanda suka ƙirƙire ta ne, sannan akwai haƙƙin sautin da aka naɗa, wannan yawanci na kamfani ne ko mawaƙin, furodusa kuma yana da ɗan kasonsa a ciki. Kafin a tashi daga situdiyo ake cike takarda, wane kashi kaza wane kashi kaza, kowa ya sa hannu, a kai wa ƙungiyoyin da ke karɓo kuɗi a madadin marubuta irin su STIM a Suwidin da ASCAP da BMI a Amurka. Shikenan fa, ba wani siddabaru a ciki, takarda ce da hukuma mai bin sawun kuɗin.

Yanzu zo mu dawo nan gida. Na san wani yaro a Agege, ɗan maƙwabtanmu ne, iyayensa 'yan Katsina shi kuma a nan aka haife shi, yana jin Hausa yana jin Yarbanci yana jin burokin, ɗaki ɗaya ya kama ya manna katifu a bango saboda ƙara, da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da ƙaramin janareto. Yaron nan idan ya haɗa maka kiɗa, kalangu a sama gangar Yarbawa a ƙasa, wallahi sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Wani mawaƙi ya zo ya biya shi kuɗin zama ɗaya, ya taimaka masa har da gyaran amshi don amshin da ya zo da shi bai zauna ba, waƙa ta fita ta kama, ana ta sa ta a bukukuwa daga Legas har arewa, mawaƙin ya canza waya ya canza mota, a YouTube kuma ko sunan yaron ba a sa a ƙasan bidiyon ba. Da na ce masa me ya sa ba ka yi magana ba, sai ya ce mun, kawu ai ya biya ni, in na tada zancen gobe ba wanda zai zo wajena, za a ce na cika fitina. Wannan amsar ta fi komai ƙona mun rai, domin shi kansa ya yarda haka abun yake, an maida shi ɗan ƙodago a gonar da da shi aka share ta aka shuka, ana biyansa kuɗin yini damina kuma ta wani ce.

Kuma ba yau aka fara ba, ba kuma ƙananan yara kaɗai abun ke samu ba. Duk wanda ya zauna Legas a shekarun 2000 ya san OJB Jezreel, furodusan Surulere wanda situdiyonsa ya zama makaranta ga mawaƙa da yawa, shi ne ya haɗa kiɗan African Queen ta 2Face da ta fito a 2004, waƙar da ta buɗe wa waƙar Najeriya ƙofa a waje har aka sa ta a fim ɗin Amurka. A 2013 mutumin nan ya kamu da ciwon ƙoda sai da aka fito ana neman taimakon jama'a kafin a kai shi Indiya a yi masa dashe, ya rasu a 2016. Ni dai a ganina a ƙasar da tsari ke aiki mai hannu a waƙa irin wannan bai kamata ya jira gudummawa ba. Ita kanta waƙar an yi shekaru ana taƙaddama a bainar jama'a tsakanin 2Face da tsohon abokin tafiyarsa Blackface kan wa ya rubuta me, abun da takarda guda da sa hannu biyu za ta kashe tun ranar farko. Lokacin kasuwar Alaba ce ke juya harkar, dillali ya biya mawaƙi dunƙule ɗaya ya ɗauki faifai ya buga iya son ransa, masu satar fasaha su buga nasu, to in mawaƙin ma sau ɗaya aka biya shi ina furodusa zai ga kaso. Wannan uzurin na yarda da shi a wancan zamanin. Amma yau waƙa a Boomplay take da Audiomack da YouTube da Spotify da ya shigo Najeriya a 2021, kowace dannawa ana ƙirga ta, akwai lissafi a rubuce, saboda haka ba wanda zai ce bai san nawa waƙa ta kawo ba.

Wanda ya gane abun da wuri shi ne Don Jazzy, yaron Ajegunle. Shi bai yarda ya zama mai kiɗa a bayan fage kawai ba, ya sa sunansa a bakin kowace waƙa yadda ko kurma ya san aikinsa ne, ya kafa Mo'Hits da D'banj a 2004, da suka rabu a 2012 ya kafa Mavin, kamfanin da ya fito da Rema da Ayra Starr, a 2024 kuma babban kamfanin waƙa na duniya Universal suka sanar da sayen kaso mafi tsoka a kamfanin. Ina jinjina masa. Sai dai hanyarsa ba kowa zai iya bi ba, ba kowane mai haɗa kiɗa ne zai zama mai kamfani ba, wani Allah ya ba shi kunne bai ba shi kan kasuwanci ba, wani ma magana a gaban mutane wuya take masa, irin wannan shi ma ya cancanci ya ci gumin aikinsa ba sai ya zama tauraro ba. Abun da tarihin Max Martin ke nuna mun kenan, mutum ya zauna a ɗakinsa ya yi abun da ya iya tsari ya kare shi.

Sai matsalar kunya, wadda nake ganin ta fi ta kuɗi wuyar magani. Mu a nan in aka ce wani ne ya rubuta wa mawaƙi waƙa sai a ɗauka an tona masa asiri. A 2017 Teni ta fito ta ce ita ta rubuta wa Davido wata waƙa, aka yi mata caa a intanet kamar ta yi saɓo, wai ta ci amanarsa, alhali shi Davidon bai ɓoye cewa yana aiki da marubuta ba. Yarinya ta faɗi aikinta ne fa kawai. Can kuwa Tems ta sa hannu a rubutun waƙar Rihanna ta 2022 sunanta ya shiga jerin 'yan takarar Oscar, duk muka yi ta murna muna cewa 'yar Legas ce, ba wanda ya ce Rihanna ta ji kunya. Britney Spears ba ta rubuta waƙarta ta farko ba kuma ba wanda ya raina muryarta don haka. Rera waƙa baiwa ce, tsara baiti baiwa ce, haɗa kiɗa baiwa ce, ba kasafai Allah ke tara wa mutum ɗaya duka ukun ba, to don me za mu tilasta wa mawaƙi ya yi ƙaryar cewa shi ya yi komai, mu tilasta wa marubuci ya yi shiru.

A ɓangarenmu na waƙar Hausa abun ya fi muni, kuma a nan ne zan fi ɗaga murya don namu ne. Shekara da shekaru a finafinan Kano ɗan wasa ke motsa baki a allo, muryar ta wani ce, baitocin wataƙila na wani ne daban, kiɗan kuma na wani yaro ne a situdiyon Zoo Road, mai kallo kuma sai ya ce waƙar jarumi wane. Mata masu murya su suka fi shan wannan, mace ta zo ta rera rabin waƙa, amshin da 'yan mata ke bi a gidan biki nata ne, a sallame ta da kuɗin mota da ɗan abun da ba a rasa ba, bayan shekara goma waƙar na nan a tashar YouTube ta wani tana tara kallo ita kuma ba ta da ko sisi a ciki. Yanzu mawaƙa sun samu 'yanci, sunayensu sun fito, ana gayyatarsu wasa har Nijar da Ghana da Sudan da nan Legas in ana babban biki a Agege ko Obalende, na ji daɗin haka sosai, amma abun da aka yi musu jiya shi wasunsu ke yi wa masu kiɗa yau. Ambaton sunan mai kiɗa a farkon waƙa da wasu ke yi abu ne mai kyau, sai dai kirari ba ya biyan kuɗin haya.

Abun da ke ba ni mamaki shi ne wannan ɗabi'ar ta ɓoye mai aiki ba gadonmu ba ce. Marubutan waƙoƙinmu na da, na zamanin ajami da na boko, mutum zai kai ƙarshen waƙarsa ya faɗi sunansa da garinsu a cikin baiti, wani har ya saka ramzin shekarar da ya yi ta, don kada gobe wani ya ce tasa ce. Shi ya sa har yau muka san aikin Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, almajirai da makafi sun yi ta rera waƙoƙin wasunsu a kasuwa da tasha amma sunan mai ita bai ɓace ba. Makaɗan baka kuma ƙungiya suke tafiya, Shata da masu kalangunsa da 'yan amshi da sanƙira, in an yi kyauta akwai rabo, kowa da matsayinsa, kuma muddin ana tafiya tare ana ci tare. Ban ce rabon nan kullum adalci ne ba, uban tafiya shi ke ɗaukar babban kaso, amma ba a taɓa cewa mai ganga an biya shi jiya don haka yau ba shi da komai ba. Situdiyo da kwamfuta ne suka zo suka raba mai kiɗa da tafiyar, ya yi aikinsa rana ɗaya a ɗaki a tafi da sautin a filashi.

Na san abun da mawaƙa za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za su ce su ne ke zuba kuɗin bidiyo da talla da bin gidajen rediyo, waƙa goma za ka yi tara su mutu, in ta mutu mai kiɗa ya riga ya ci kuɗinsa asarar ta mawaƙi ce shi kaɗai. Haka ne. Shi ya sa ban ce a raba daidai ba, wanda ya ɗauki kasada ya ɗauki babban kaso, ba gardama. Kuma shi kansa mai kiɗan da yawa in ka ce masa zaɓi tsakanin dubu 50 yau da kashi 10 cikin ɗari na abun da ba a gani ba, kuɗin hannu zai karɓa, ga haya ga man janareto ga data, Legas ba ta jiran kowa. To a yi duka biyun mana, a biya shi kuɗin zama, in ya so a rage, sannan a rubuta masa ɗan kaso ko yaya yake, in waƙa ta mutu ba wanda ya yi asarar komai a kan takardar, in ta tashi kowa ya tashi da ita. Wanda ya ƙi wannan ba kasada yake tsoro ba, rabo ne ba ya so.

Akwai masu sukar Max Martin cewa shi ya sa waƙoƙin turawa suka koma kama ɗaya, amshi ya shigo da wuri, kowane gaɓa a auna shi da kari ko da ma'anar baitin ta raunana, ni ma wasu waƙoƙin nasa ba sa taɓa ni, kunnena ya fi karkata ga waƙar da ke da magana a ciki. Ba salonsa nake so yaranmu su kwaikwaya ba, muna da kalangu da kotso da gurmi da garaya, ba mu rasa abun faɗa ba. Abu biyu nake so mu ɗauka. Na farko wannan rubuta suna da kaso. Na biyu renon na baya, domin kamar yadda Denniz Pop ya ɗauko shi haka shi ma ya ɗauko wani matashi da ake kira Shellback ya koya masa har suka zama abokan aiki, sunan yaron na fita tare da nasa a waƙoƙin Taylor Swift, kasonsa na shiga asusunsa. Ƙasarsu mutum wajen miliyan 10 ne kawai, Legas kaɗai ta fi su yawa, amma ƙananan hukumominsu na da makarantun koyon kiɗa masu sauƙin kuɗi ga yara, shi ma ta nan ya bi kuma ya sha faɗin haka. Mu namu yaran a YouTube suke koyo da datar da suka ranta, sannan in sun iya a hana su suna.

Wani zai ce malam duk wannan surutun a kan kiɗa, abun da malamai da yawa suka yi magana a kansa. Wannan muhawara ce ta malamai kuma ina girmama ta, wanda ya ga barin harkar ya fi masa ya bari. Amma wanda ya shiga, ya sa ɗan mutane aiki ya samu kuɗi da aikin, ba zai fake da wannan ya danne masa haƙƙi ba. Kuma zancen bai tsaya kan waƙar soyayya ba, masu yabon Manzo da masu waƙar siyasa da masu tallan kamfanoni duk situdiyo ɗaya suke shiga, yaro ɗaya ke zauna musu har asuba. Waƙar siyasa ma ita ce ake samun manyan kyaututtuka a kanta, mota da gida da kujerar Makka, a tambayi mai kiɗan me ya samu.

Doka tana nan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023 ta ba wanda ya ƙirƙiri waƙa haƙƙi tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa, wato abu ne da 'ya'ya da jikoki za su gada, kuma ta ce miƙa wa wani mallakar aiki sai da rubutu. Akwai hukumar NCC mai kula da haƙƙin mallaka, akwai ƙungiyar MCSN mai karɓo wa masu waƙa kuɗi, duk da an ɓata shekaru ana shari'a da rigima tsakanin ƙungiyoyin karɓar kuɗin nan har masu gidajen rediyo da otal suka samu hanyar zamewa. Yawancin yaran da nake magana a kansu ko sunan waɗannan wuraren ba su taɓa ji ba, kuma ban ga dalilin da zai hana ƙungiyoyin mawaƙan Hausa su fassara takardar rabon kaso da Hausa, shafi ɗaya, a ajiye a kowane situdiyo daga Agege har Zoo Road ba. Sunan waƙa, ranar da aka yi ta, wa ya rubuta baiti, wa ya kawo kari, wa ya haɗa kiɗa, wa ya yi amshi, kaso nawa nawa, lambar waya, sa hannu, shaida biyu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa kafin a kashe janareto. Manyan mawaƙan da ke da mabiya su ya kamata su fara, domin su ba wanda zai ce musu sun cika fitina, in ƙaramin mai kiɗa ya ga babba ya sa hannu gobe shi ma zai iya miƙa wa na gaba biro ba tare da tsoron rasa ciniki ba.